Cin Kwas ɗin Agajin Gaggawa na 'Yan Sintirin Zamiyar Ƙanƙara a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba ne yawancin ƙungiyoyin sintiri na wuraren zamiyar ƙanƙara a Amurka ke buɗe ajin agajin gaggawa ga sababbin 'yan sa-kai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan ji daga bakin masu shirin shiga da waɗanda suka riga suka fara, har da wasu da suka fi shafar 'yan'uwanmu mazauna can. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa aikin hannu da ranar jarrabawa.

Su wane ne 'yan sintirin nan, kuma daga ina aikin ya samo asali?

Su ne masu jar riga da farin kuros a baya da ake gani a kan dutse suna zagayawa. Idan wani ya faɗi ya karye, ko numfashinsa ya sarƙe, ko ya suma, su ne farkon masu isa gare shi, su duba shi a cikin dusar ƙanƙara, su sauko da shi zuwa ɗakin agaji ko wurin motar asibiti. A manyan wurare akwai ma'aikata masu albashi, amma ƙananan tuddai da yawa, irin na Minnesota da Michigan da Wisconsin, da 'yan sa-kai suka dogara.

Ƙungiyar da ta haɗa su ita ce National Ski Patrol, wadda Charles Minot Dole ya kafa a 1938. Shi kansa ya karye a idon sawu a Stowe da ke jihar Vermont a 1936, kuma a kan fallen kwano aka jawo shi ƙasa domin babu wani tanadi. Ba a daɗe ba abokinsa Frank Edson, wanda ya taimaka masa a ranar, ya yi karo da bishiya a wata gasa ya rasu. Majalisar dokokin Amurka ta ba ƙungiyar takardar amincewa a 1980, hedikwatarta na Lakewood a jihar Colorado, kuma mambobinta sun haura 30,000.

Mene ne OEC, kuma tsawon wane lokaci yake ɗauka?

OEC, wato Outdoor Emergency Care, shi ne kwas ɗin agajin gaggawa na ƙungiyar, wanda aka tsara domin wurin da asibiti ke da nisa, ga sanyi, ga gangara. Likita Warren Bowman ne ya rubuta littafinsa na farko a 1988, kuma bugu na shida ya fito a 2020. Yawanci yakan ci sa'o'i 80 zuwa 120 a cikin wata uku ko huɗu. Ajujuwa da yawa yanzu sun raba shi biyu: karatu da ƙananan gwaje-gwaje ta intanet a gida, aikin hannu kuma a aji da yamma ko ƙarshen mako. Banda wannan sai ka mallaki takardar CPR, wato danna ƙirji da hura iska ga wanda zuciyarsa ta tsaya, ta matakin ma'aikatan lafiya. Takardar OEC ba lasisin aikin motar asibiti ba ce, kada ka shiga da wannan tunanin.

Ban taɓa karatun lafiya ba. Zan iya kuwa?

Za ka iya, kuma yawancin waɗanda za ka tarar a ajin irinka ne: malaman makaranta, injiniyoyi, direbobi, 'yan fansho, har da matasa 'yan shekara 15 da ake karɓa a shirin matasa. An gina kwas ɗin ne a kan cewa ɗalibi bai san komai ba. Abin da yake nema a wurinka lokaci ne da naci. Wanda ya ware sa'a ɗaya kowace rana ya fi wanda yake tara babi huɗu ya haɗiye su daren aji, nesa ba kusa ba. Idan kana da aikin dare ko ƙananan yara, ka zauna da iyalinka tun kafin ka biya kuɗin rajista ku tsara waɗannan watanni, domin fashin aji ko da sau biyu ne yana barin giɓin da ke da wuyar cikewa.

Dole ne sai na ƙware a zamiya kafin na shiga?

A'a. Kwas ɗin agaji daban, horon jan tobogan daban. Tobogan shi ne dogon gadon nan mai hannuwa biyu da ake kwantar da majinyaci a ciki a zamo da shi ƙasa, kuma ana koyar da shi ne bayan ƙanƙara ta sauka. Ƙungiyoyi da dama suna da gurbin waɗanda ke aiki a ɗakin agaji kawai ba tare da jan tobogan ba. Ka tambayi shugaban sintirin wurin da kake so tun da wuri, domin wasu sukan gwada zamiyar mutum a ƙarshen hunturun da ya gabata kafin su ba shi gurbi a aji.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Sai na zauna kwas ɗin gaba ɗaya?

Akwai gajeriyar hanya da ake buɗe wa likitoci da ma'aikatan jinya da masu aikin motar asibiti, inda za a gwada ki ba tare da kin zauna dukan darussa ba. Sai dai, 'yar'uwa, ki yi hattara da abu ɗaya. A asibiti majinyaci yana kwance a gado, ga haske, ga na'urori, ga likita a kusa. A kan dutse yana kife a gangara, sanye da riguna huɗu da hular kwano da takalmi mai tauri, ke kuma hannuwanki suna ƙanƙarewa. Ma'aikatan lafiya sukan ci rubutacciyar jarrabawa cikin sauƙi, su zo su yi tuntuɓe a aikin hannu, domin sun saba tsallake matakan da idonsu ya riga ya gani. Mai jarrabawa ba ya ba da maki a kan abin da ke cikin ranki. Ki halarci darussan ɗaure karaya da ɗaga majinyaci ko da an yafe miki su, kuma ki karanta amsar da ke magana a kan faɗin komai a bayyane.

Littafin ya yi kauri, kuma Turancin likitanci yana ba ni wahala. Yaya zan karanta shi?

Babi-babinsa sun haura 30, kuma ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Babin sassan jiki da babin duba majinyaci su ne tushe, a kansu sauran suke zaune. Ka ba su ninkin lokacin da kake ba wasu. Kowane babi yana farawa da jerin abubuwan da ake so ɗalibi ya iya, kuma daga nan tambayoyin jarrabawa ke fitowa, don haka ka karanta jerin kafin babin, ka sake komawa kansa bayan ka gama ka ga ko za ka iya amsa kowane ɗaya littafi a rufe.

Game da kalmomi, ka samu ƙananan katuna ka rubuta kalmar a gaba, ma'anarta da Hausa a baya, ka riƙa nuna wurin a jikinka kana faɗa. Fahimta da harshenka ba laifi ba ne, ta fi zama a kai. Amma ka riƙa furta kalmar Turancin da ƙarfi har bakinka ya saba, domin da ita za ka yi magana a rediyon oba-oba da kuma gaban ma'aikatan motar asibiti. Wani abin da ke rikita waɗanda suka yi makaranta a Najeriya ko Nijar shi ne ma'auni: can da Faranhait da inci da fam ake aiki. Ka riƙe cewa 98.6 shi ne 37 na Salsiyos, 95 kuma shi ne 35.

Wane abu ɗaya ne idan na iya shi na kama hanyar cin kwas ɗin?

Tsarin duba majinyaci. Komai na kwas ɗin a kansa yake rataye, kuma yawancin waɗanda suka faɗi aikin hannu a nan suka faɗi, ba a wajen ɗaure bandeji ba. Tsarin yana farawa tun kafin ka taɓa kowa. Ka tsaya ka dubi wurin: akwai haɗarin da zai same ka? Masu gangarowa daga sama za su gan ku? Shi ya sa ake kafa katakan zamiya biyu a gicciye a saman wurin. Ka sa safar hannu ta roba. Mutum nawa ne suka ji rauni, me ya faru, da wane irin gudu, da me ya yi karo? Sannan ka matso ta gabansa domin kada ya juya wuya yana nemanka, ka faɗi sunanka, ka ce kai ɗan sintiri ne, ka nemi izinin taimaka masa.

Daga nan sai binciken farko, wanda ke neman abin da zai iya kashe mutum cikin mintuna. Idan jini na tsartuwa, shi za ka fara tsayarwa. Sai ka ga ko yana cikin hayyacinsa, ko sai an kira shi yake amsawa, ko sai ya ji zafi, ko ba ya amsawa sam. Sai hanyar iska, sai numfashi, sai bugun jini da yanayin fata, sai motsin gaɓoɓi da yiwuwar raunin laka. Duk matsalar da ka samu a nan, a nan za ka gyara ta kafin ka wuce, kuma a nan ne za ka yanke shawarar kiran tobogan da iskar oksijin da motar asibiti. Bayan haka ne tambayoyi shida da ake taƙaita sunansu da SAMPLE ke zuwa: me yake ji, me jikinsa ba ya so, wane magani yake sha, wace cuta yake da ita, yaushe ya ci abinci, me ya faru daf da faɗuwar. Sai lalube daga kai zuwa ƙafa, sai awon alamomin rai, sai maimaitawa.

Ana so wannan jeri ya zauna maka kamar alwala, yadda ba ka tsayawa tunanin wace gaɓa ce ke biye. Hanyar kaiwa can ita ce maimaici a jikin mutum na gaske: matarka, ɗanka, abokin ajinka, kowace rana ko da na minti goma ne, kuma da tsari ɗaya ko raunin babba ne ko ƙarami. Dalilinsa a fili yake. Ƙafar da ta lanƙwashe tana jan ido, mai ita yana ihu, kai kuma zuciyarka na bugawa. Tsarin ne zai hana ka durƙusa kan ƙafar ka manta da cewa cikinsa ya yi tauri saboda saifa ta fashe, ko cewa sugansa ne ya faɗi shi ya sa ya kife tun farko.

Me ya sa malamai ke ta cewa a faɗi komai a bayyane?

Domin a atisayen jarrabawa mai kwaikwayon majinyaci lafiyarsa ƙalau. Bugun jininsa daidai yake, fatarsa ba ta yi sanyi ba. Sai ka yi aikin da hannunka, ka faɗi abin da kake nema, sannan mai jarrabawa ya ba ka abin da ka "samu". Idan ka kalli ƙirji ka ga yana numfashi amma ba ka furta ba, a takardarsa ba ka duba ba. Haka kuma faɗa da baki kawai ba ya wadatarwa, dole hannu ya kai wurin. Da farko mutum yakan ji nauyin yin magana shi kaɗai a gaban jama'a, musamman wanda aka tarbiyyantar da kawaici. Ka daure, bayan mako biyu ko uku nauyin yakan tafi. Kuma al'adar tana da amfani a kan dutse: abokin aikinka yana jin inda ka kai, majinyaci kuma hankalinsa yakan kwanta idan ana gaya masa abin da za a yi kafin a yi.

Waɗanne lambobi ne dole na haddace?

Ba su da yawa, amma ana so su fito ba tare da tunani ba. Bugun jinin babban mutum 60 zuwa 100 ne a minti, numfashinsa 12 zuwa 20, na yara ya fi haka sauri. A CPR ana danna ƙirji sau 30 a hura sau 2, da saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin akalla inci 2, wato santimita 5. Oksijin ta takunkumi mai jaka lita 10 zuwa 15 ne a minti, ta siririn bututun hanci kuma 1 zuwa 6. Wanda halinsa ke da haɗari ana sake auna shi duk minti 5, wanda ya daidaita duk minti 15. Idan ka ɗaura maɗaurin tsayar da jini a hannu ko ƙafa, ka sa shi inci 2 zuwa 3 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka rubuta lokacin. Awo ɗaya ba ya faɗin labari. Bugun jinin da ya tashi daga 90 zuwa 110 zuwa 125 shi ne ke gaya maka jini na zuba a ciki tun kafin awon hawan jini ya faɗi.

Waɗanne raunuka aka fi gani, kuma ɗori za a koya mana?

Masu zamiya da katako biyu, ɗaya a kowace ƙafa, gwiwa ce ta fi ba su matsala, sai karayar ƙwauri daidai bakin takalmi, sai jijiyar babban yatsan hannu da sandar zamiya ke fizgewa. Masu zamiya a kan allo ɗaya mai faɗi kuwa wuyan hannu suka fi karyawa domin da tafin hannu suke tare faɗuwa. Gocewar kafaɗa da karayar ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa kowa na samu. Waɗannan za ka yi ta ɗaurewa a aji har ka gaji.

Wanda ya taso yana ganin aikin maɗori a gida sai ya sauya tunani a nan. Maɗori yana mayar da ƙashi ne domin ya warke a hannunsa. Ɗan sintiri yana hana ƙashin motsi ne kawai har a kai ga likita. Ƙa'idar ita ce a tsare gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita, a cike giɓi da abu mai laushi, kuma a duba gudanar jini da motsi da ji a yatsu kafin ɗauri da bayan ɗauri. Wannan dubawa ta biyu ita ce aka fi mantawa a jarrabawa. Karayar tsakiyar cinya tana da nata kayan da ke jan ƙafar a hankali, kuma ana ɗaukarta da muhimmanci domin mutum na iya zubar da jinin da ya kai lita ɗaya ko fiye a cikin cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba. Karayar ƙugu ta fi ta haɗari, ana ɗaure ta da maɗauri mai faɗi, ba a jijjiga ta.

Me ya kamata na sani game da sanyi kansa?

Ka ɗauka cewa duk wanda ka tarar kwance a ƙanƙara zafin jikinsa yana zubewa, ko mene ne ya kayar da shi. Ƙasa ta fi iska saurin zuƙe ɗumi, don haka shimfiɗa a ƙarƙashinsa ta fi bargo a samansa gaggawa. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da 35 na Salsiyos an shiga matsala. Da farko mutum yana karkarwa, daga baya magana ta fara sarƙewa, tafiya ta zama tangaɗi, kuma idan karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani. Irin wannan a hankali ake ɗaga shi, a kwance, domin girgiza na iya rikita bugun zuciyarsa. Sanyi yana kuma hana jini daskarewa a rauni, shi ya sa ɗumama mai zubar jini yake cikin maganinsa.

Yatsu ko kunnen da suka daskare ba a murza su, ba a goga musu ƙanƙara, ba a kara su a wuta. Ruwa mai ɗumin 37 zuwa 39 ake sa su, kuma ba a narkar da su idan akwai yiwuwar su sake daskarewa a hanya. Wannan duka yana shafar yadda kake bincike: kada ka tuɓe mutum a kan dutse fiye da abin da ya zama dole, ka buɗe ka duba ka rufe, sauran a ƙarasa a ɗakin agaji. Cire takalmi ma galibi can ake bari.

Idan mutum ya bugu a kai amma ya ce lafiyarsa lau, ba ya son taimako fa?

Babban mutum mai cikakken hankali yana da 'yancin ƙin taimako, kuma laifi ne a doka a taɓa shi ba tare da izininsa ba. Wanda ya suma ko ya ruɗe, doka ta ɗauka ya yarda. Yaro kuma izinin iyayensa ake nema, sai dai idan rai na cikin haɗari. Aikinka idan an ƙi shi ne ka tabbatar mutumin ya san inda yake da abin da ya faru, ka bayyana masa haɗarin da kalmomi masu sauƙi, ka sake roƙonsa, ya sa hannu a takardar ƙi a gaban shaida, ka gaya wa na tare da shi alamomin da za su sa a garzaya asibiti: ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barci mai nauyi, maimaita tambaya ɗaya.

Abin da ya sami 'yar fim Natasha Richardson a watan Maris na 2009 ya isa misali. Ta faɗi a gangarar masu koyo a Mont Tremblant da ke Kanada, ta tashi tana magana, ta ƙi zuwa asibiti da farko. Bayan ɗan lokaci ciwon kai ya taso, kwana biyu bayan faɗuwar ta rasu sakamakon jinin da ya taru tsakanin ƙoƙon kai da rufin ƙwaƙwalwa. Irin wannan rauni yakan bar mutum garau na ɗan lokaci kafin ya kayar da shi. A jarrabawa ma akan saka majinyaci mai gardama da gangan, a ga ko za ka sallame shi da wuri. Kuma da zarar ka fara kula da mutum, ba ka barinsa sai ka miƙa shi ga wanda ya kai ka horo ko ya fi ka.

Littafin yana cewa a duba ko fata ta yi fari ko shuɗi. A jikin baƙar fata fa?

Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata ka ɗaga ta a aji domin kowa ya amfana. A fata mai duhu ana duba cikin leɓe, dasashi, harshe, cikin fatar ido ta ƙasa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ƙarancin oksijin yakan fito kamar toka-toka a kewayen baki. Daskarewar fata ma ba lallai ta yi fari fat ba, taurinta da rashin ji a wurin sun fi launi faɗin gaskiya. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa kuma tana da rauni biyu: yatsa mai sanyi yana rikita ta, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a 2020 ya nuna ta fi yawan nuna oksijin sama da yadda yake a jikin baƙaƙen fata. Idan mutum yana haki na'ura kuma ta ce lafiya, ka gaskata mutumin.

Ina da AS. Tsayin dutse zai cutar da ni?

Ka ga likitanka kafin ka nemi aiki a wuri mai tsayi. Ciwon tsayi, wato ciwon kai da tashin zuciya da kasala, yakan fara ne daga kusan mita 2,500, kuma gindin wasu wuraren Colorado, kamar Breckenridge, ya haura haka. Mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga mahaifi ɗaya kawai, yawanci yana rayuwarsa lafiya, amma a irin wannan tsayi, tare da aikin ƙarfi da ƙarancin ruwa a jiki, jini na iya toshewa a saifa. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark ya rasa saifarsa bayan wasa a Denver a 2007 ta wannan hanya. Tuddan Minnesota da Michigan ba su kusa da wannan tsayi ba. Ka riƙe wannan ilimi domin majinyata ma: ciwo a hagun ciki ta sama a jikin wanda ya hau dutse kwanan nan, ka tambaye shi batun sikila a cikin tambayoyin da aka ambata a amsar tsarin duba majinyaci.

Yaya jarrabawar ƙarshe take, kuma me ya fi kayar da mutane?

Kashi biyu ce. Rubutacciya tambayoyi 100 ne na zaɓi, ana neman 80. Ka karanta kowace tambaya har ƙarshe, domin sau da yawa amsoshi biyu daidai ne, ana tambayar wanda ake fara yi. Idan ka rikice, ka koma ga jerin: tsaron wuri, jini, hanyar iska, numfashi. Kashi na biyu aikin hannu ne, tashoshin gwada ƙwarewa ɗaya-ɗaya da kuma atisayen haɗari inda kai ne jagora, ana ba ka mataimaka da kaya idan ka kira.

A takardar maki akwai matakan da aka ware a matsayin wajibi, rasa ɗaya yana iya kayar da tashar duka. Abubuwan da aka fi faɗuwa a kansu sanannu ne: mantawa da safar hannu, rashin neman izini, jinkirin kiran taimako, sakin kan majinyaci bayan an fara riƙe shi saboda zargin raunin wuya, rashin duba bayansa, da barin mataimaka tsaye ba a ba su aiki ba. Ka kira kowane da sunansa ka ba shi aiki ɗaya bayyananne. Kiran rediyo ya zama gajere: inda kake, namiji ko mace da kimanin shekaru, abin da ya faru, kayan da kake buƙata. Idan ka tuna ka tsallake wani mataki, ka faɗa a take ka koma ka yi shi. Takardun makin ba sirri ba ne, ka roƙi malaminka ya ba ku, ku riƙa yi wa juna maki da su mutum uku-uku: ɗaya majinyaci, ɗaya mai ceto, ɗaya riƙe da takarda da agogo.

Aikin yana buƙatar taɓa jikin mace ko namiji da ba muharrami ba. Ga kuma salla da azumi.

Gaskiya ne, a aji da kan dutse za ka lalube jikin wanda ba jinsinku ɗaya ba, kuma za a lalube naka. Idan abin yana damunka, ka tattauna da malamin addinin da ka amince da shi a kan hukuncin lalura kafin ka fara, ka kuma gaya wa malamin kwas tun ranar farko. A atisaye ana iya haɗa mace da mace, amma majinyaci na gaske ba a zaɓensa. Kwas ɗin kansa yana koyar da kiyaye mutunci: neman izini kafin kowace taɓawa, rufe abin da aka buɗe, da samun shaida a ɗakin agaji.

Salla ba ta da wahalar tsarawa idan ka sanar da shugaban zangonka, illa dai ranakun hunturu gajeru ne, Azahar da La'asar da Magariba suna matsowa kusa da juna. Azumin 2026 ya fara ne bayan tsakiyar Fabrairu, kuma tunda yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, shekaru masu zuwa zai faɗo a tsakiyar lokacin zamiya. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, don haka ka sha ruwa sosai da sahur, kuma idan akwai zangon dare a tudunku ka nemi a sa ka bayan buɗa-baki.

Idan na faɗi fa?

Akan ba da damar sake gwada ɓangaren da aka faɗi, malamin kwas zai gaya maka sharuɗɗa da wa'adi. Ka nemi a nuna maka ainihin matakin da ka rasa, ka yi atisayensa da wani malami daban domin ido na biyu yakan ga abin da na farko ya saba da shi.

Na ci. Shi ke nan an gama?

Takardar tana aiki shekara 3, da sharaɗin ka halarci bita kowace kaka. An raba manhajar gida uku, kowace shekara a bita kashi ɗaya, sannan ana sake gwada CPR da kuma atisayen sauko da mutane daga kujerun igiya masu kai su saman dutse idan sun maƙale. Kowane wuri yana da nasa ƙa'idojin da likitan da ke kula da sintirin ya amince da su, kamar wane magani za ka iya taimaka wa majinyaci ya sha da kuma yaushe ake kiran jirgi mai saukar ungulu. Inda ƙa'idar wurin ta bambanta da abin da ka saba a aji, ta wurin ake bi.

A hunturun farko za a haɗa ka da tsofaffin hannu, ga horon tobogan idan ka zaɓe shi. Ka roƙa a bar ka ka jagoranci ƙananan raunuka tun da wuri suna tsaye a bayanka, ka kuma koyi cike takardar rahoto da abin da ka gani da abin da aka faɗa maka kawai, ba da zato ba. Ranar da ka haɗu da haɗari mai muni, musamman na yaro, kada ka tafi gida da shi a ciki kai kaɗai. Ƙungiyoyi da yawa suna zama bayan irin wannan a tattauna, kuma idan barci ya ƙi zuwa ko abin yana ta dawo maka bayan makonni, ka gaya wa shugaban sintiri ya haɗa ka da mai ba da shawara.